Tukuicin Wanda Ya Tona Asirin Ɓarayi da Ladan 'Yan Kwangila: Me Ƙungiyar Agaji a Amurka Za Ta Sanar da Hukumar Haraji?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar harajin ƙasar nan a cikinmu, domin ni ne ma'ajin ƙungiyar al'ummarmu, kuma lokacin rufe lissafin shekarar 2025 ya yi. Ƙungiyarmu tana da rajista, ba ta biyan harajin kuɗin shiga, kuma abin da muke tarawa daga gudummawar membobi ne da taimakon masu hali. A bara mun biya mutum huɗu kuɗin da nake son a haska mini hukuncinsa. Na farko kafinta ne da ya gyara rufi da ƙofofin zauren taronmu, muka ba shi dala 3,200 haɗe da kuɗin katako. Na biyu ɗan kwangila ne a Najeriya da ya haƙa mana rijiyar burtsatse a wani ƙauye. Na uku malami ne da muka gayyato daga gida ya yi mana tafsiri a watan azumi, muka sallame shi da dala 2,000. Na huɗu, wanda ya fi damuna, wani matashi ne da ya ba da labarin da ya kai ga kama masu fasa shagunan mutanenmu, kwamiti ya ba shi tukuicin dala 1,500 hannu da hannu, tare da alkawarin ba za a ambaci sunansa a ko'ina ba. Wasu daga cikin shugabanninmu suna ganin tun da an yafe mana haraji, babu abin da ya haɗa mu da IRS, wato hukumar harajin Amurka. Shin haka abin yake?

Hajiya Maman Usman:
Wa alaikumus salam Malam Ma'aji. Aikin akanta nake yi, kuma ƙananan ƙungiyoyi ne mafi yawan waɗanda nake duba wa littattafai, saboda haka zan faɗa maka kai tsaye cewa fahimtar shugabanninku ba daidai ba ce. Abin da aka yafe wa ƙungiyar agaji da ke ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji shi ne biyan haraji a kan kuɗin da ya shigo mata. Ba a yafe mata sanar da hukuma kuɗin da ta biya wasu ba, domin wannan kuɗin ya zama kuɗin shigar wanda ya karɓa, kuma shi ana bin sa haraji a kai. A wajen sanarwa, dokar tana ɗaukar ƙungiyar agaji kamar yadda take ɗaukar kowane kanti ko kamfani.

Mu fara da kafinta, tun da nasa ya fi sauƙi. Duk wanda ba ma'aikacinku ba ne, kuka biya shi dala 600 ko fiye a cikin 2025 saboda aikin da ya yi muku, wajibi ne ku cika fom 1099-NEC, ku ba shi kwafi, ku aika wa IRS kwafi. Wa'adin shi ne 31 ga Janairu, amma a 2026 ranar ta faɗo Asabar, don haka ya koma Litinin 2 ga Fabrairu 2026. Kuɗin katakon ma yana shiga cikin jimillar, matuƙar shi ne ya sayo a matsayin wani ɓangare na aikin. Abu biyu ne kawai za su iya sauke muku wannan nauyin: idan kasuwancinsa yana da rajistar cikakken kamfani a wajen IRS, ko kuma idan da katin banki kuka biya shi, domin a nan kamfanin katin ne ke sanarwa. Idan ceki ne ko tsabar kuɗi ko Zelle, manhajar tura kuɗi daga banki zuwa banki, nauyin yana kanku. Ka nemi ya cika maka fom W-9 yau ɗin nan, a cikinsa za ka ga sunansa na hukuma, da lambar harajinsa, da irin rajistar da yake da ita.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya Hajiya, ni kuma na ji ana cewa an ɗaga adadin zuwa dala 2,000. Idan haka ne, ai tukuicin yaron bai kai ba, an huta ke nan.

Hajiya Maman Usman:
An ɗaga shi, ƙanwata, a cikin dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025, amma sabon adadin ya shafi kuɗin da aka biya daga 1 ga Janairu 2026 ne zuwa gaba. Duk abin da ya fita daga asusun ƙungiya a 2025 yana nan a kan dala 600. Sannan ko a ƙarƙashin sabon adadin, ɗaga shi ya rage wa mai biya cika takarda ne kawai, wanda ya karɓa yana nan da wajibcin saka kuɗin a lissafin harajinsa ko da dala 100 ce.

Alhaji Dattijo:
Assalamu alaikum. Na karanta abin da aka rubuta, kuma ba ni da ja a kan maganar kafinta, mutum ne da ya yi aiki a fili aka biya shi a fili. Amma maganar yaron nan daban take, kuma ina roƙon kada a haɗa su a awo ɗaya. Yaron nan ya sa ransa a tafin hannu ya faɗi abin da manya da yawa suka sani suka yi shiru. Dattawa sun zauna sun ba shi alkawari, kuma alkawari kaya ne. Idan yau aka ce ya kawo sunansa da adireshinsa da lambarsa a rubuta a takardar gwamnati, gobe wa zai ƙara buɗe baki idan ya ga ana cutar da al'umma? Mutanen da aka kama suna da 'yan'uwa da abokai a unguwar, kuma ba a san inda takarda take zuwa ba idan ta bar hannun mai ita. Ni a ganina a rubuta kuɗin a matsayin sadaka ga mabuƙaci, tun da dai yaron ba mai hali ba ne, a rufe maganar a nan.

Malam Baban Sadik:
Ranka ya daɗe Alhaji, damuwarka tana da tushe, har ma ita kanta dokar ta yarda da ita. Na karanci shari'a kuma na yi aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu, kuma akwai wata togaciya da mutane ƙalilan suka sani. A ƙa'idojin Ma'aikatar Baitulmali, sashe na 1.6041-3, sakin layi mai harafin l, an ce ba sai an sanar da tukuicin da aka ba wanda ya kawo labarin aikata laifi ba, idan hukumar gwamnatin tarayya ko ta jiha ko ta ƙaramar hukuma ce ta biya, ko kuma ƙungiyar 501(c)(3) ce ta biya domin cika manufar agaji ta rage wa gwamnati nauyin da ke kanta. Wannan bayanin yana nan a cikin jagorar cika fom 1099-MISC da IRS take fitarwa. A kan wannan tushen ne ƙungiyoyin Crime Stoppers suke aiki. An fara su ne a birnin Albukaki na jihar New Mexico a 1976, inda wani ɗan sandan bincike, Greg MacAleese, ya kawo tsarin cewa mai labari ya buga waya, a ba shi wata lamba a maimakon a tambayi sunansa, idan labarin ya kai ga kama mai laifi ya je da lambar ya karɓi kuɗinsa. Su kansu masu biyan ba su san wanda suka biya ba.

Sai dai ba zan goyi bayan rubuta kuɗin a matsayin sadaka ba, Alhaji. Gaskiya ne taimakon da ƙungiya ta ba mabuƙaci kyauta, kamar kuɗin haya ko na jana'iza, ba a cika masa 1099. Amma wannan kuɗin an ba da shi ne saboda wani abu da yaron ya yi, kuma kwamiti ya san haka. Canza masa suna a littafi ƙarya ce a rubuce, kuma fom 990, wato rahoton shekara-shekara da ƙungiya take miƙa wa IRS, ana sa masa hannu ne a kan rantsuwar cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Wanda zai ɗauki alhakin wannan ƙaryar a gaban hukuma shi ne ma'aji ko shugaban da ya sa hannu.

Baban Khadija:
Malam, wannan togaciyar ta faranta mini rai. Ke nan mu ma za mu iya fakewa a ƙarƙashinta?

Hajiya Maman Usman:
A nan ne nake son a taka a hankali. Togaciyar tana nan kamar yadda Malam ya kawo ta, amma ƙofarta ƙarama ce. Ba a ce duk ƙungiyar agajin da ta ba da tukuici ta tsira ba, an ɗaure abin da manufar rage wa gwamnati nauyi, kuma IRS tana da ma'auni biyu da take duba wannan da su tun hukunce-hukuncen da ta fitar a 1985. Na ɗaya, a nuna cewa ita gwamnatin da kanta tana ɗaukar aikin a matsayin nauyinta. Na biyu, a nuna cewa ƙungiyar a zahiri ta rage mata wannan nauyin. Abin da ke tabbatar da haka shi ne alaƙar aiki da hukuma: wasiƙa daga ofishin 'yan sanda, ko yarjejeniya a rubuce, ko shaidar cewa su ne suka nemi a sa tukuicin kuma su ne suka tantance wanda ya cancanta. Crime Stoppers suna da duk wannan, domin an kafa su ne don wannan aikin, kuma da jami'an 'yan sanda suke tafiyar da shi. Ƙungiyar da aka yi wa rajista don ilimi da zumunci da taimakon mabuƙata, ta wayi gari kwamitinta ya yanke shawarar ba da tukuici ba tare da sanin 'yan sanda ba, hujjarta tana da rauni ƙwarai. Ni dai ba zan sa hannu a kan lissafin da ya dogara da ita ba sai na ga takarda.

Malam Baban Sadik:
Hajiya, na yarda ƙofar ƙarama ce, amma ina ganin kin ƙara matse ta fiye da yadda aka rubuta. Lafazin ƙa'idar yana magana ne a kan manufar biyan kuɗin, bai ce dole sai ƙungiyar da aka kafa don wannan aikin kaɗai ba. Kama ɓarawo nauyin gwamnati ne da babu mai musu a kansa, wato ma'auni na farko ba shi da wahala. Inda gardamar take shi ne na biyu. Idan ɗan sandan da ke binciken ya san da tukuicin kafin a sanar da shi, ya amince, kuma labarin yaron ta hannunsa ya bi, to akwai abin da lauya zai tsaya a kai. Idan kuwa bayan an gama komai ne dattawa suka ga ya dace a yi wa yaron alheri, to ina tare da ke. Saboda haka amsar tana wajen Malam Ma'aji: yaya aka yi a lokacin?

Baban Khadija:
Yadda aka yi shi ne, bayan fashin ya yawaita, shugabanmu ya sanar a taron wata cewa duk wanda ya kawo labari za a ba shi tukuici. Yaron ya zo ya same shi a ɓoye, shugaban ya raka shi ofishin 'yan sanda. 'Yan sandan sun san yaron, amma ban da tabbacin sun san da maganar kuɗin, kuma babu wata takarda tsakaninmu da su. Abin da ke hannuna shi ne rubutaccen bayanin taron kwamiti da rasit na cire kuɗi daga banki.

Malam Baban Sadik:
To a wannan yanayin, gaskiyar magana ita ce hujjar Hajiya ta fi ƙarfi. Zai yi kyau ku kai wannan bayanin ga lauyan haraji ya duba kundin rajistarku da wasiƙar da IRS ta ba ku, domin mai yiwuwa akwai lafazin da zai taimaka, amma ku shirya a kan cewa za a sanar. Kuma kafin komai ku tabbatar da matsayinku. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da yawa rajistar jiha kawai suke da ita, ko kuma suna ƙarƙashin wani sashe daban kamar 501(c)(4) ko 501(c)(7), alhali togaciyar 501(c)(3) kaɗai ta ambata. Haka nan duk ƙungiyar da ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa fom 990 ko ƙaraminsa ba, matsayinta yana faɗuwa da kansa. IRS tana da shafin intanet inda za ka sa sunan ƙungiya ka ga matsayinta a yanzu.

Alhaji Dattijo:
Ke nan ana so a ce mini dattawa su saɓa alkawari saboda takarda? Wannan ya yi mini nauyi. Kuma ku gafarce ni, da yawa daga cikin yaranmu takardunsu na zama ba su kammala ba. Ban san halin wannan yaron ba, amma idan yana cikinsu, ai mun saka masa alheri da sharri.

Hajiya Maman Usman:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Bari in rarrabe abu biyu, domin ina ganin tsoron ya samo asali ne daga haɗa su. Fom 990 takarda ce ta jama'a, kowa yana iya neman ganinta, amma ba a rubuta sunan kowane ɗan kwangila a cikinta. Sunayen da ake buƙata su ne na manyan 'yan kwangila biyar da kowannensu ya karɓi fiye da dala 100,000 a shekara, kuma yaron bai kusanci wannan ba. Tukuicinsa zai shiga cikin jimillar kashe kuɗi ne ba tare da suna ba. Shi kuwa fom 1099 ba na jama'a ba ne. Kwafi ɗaya yana zuwa IRS, ɗaya ga mai shi, ɗaya ya zauna a wajen ƙungiya, kuma sashe na 6103 na dokar haraji ya haramta wa ma'aikatan hukumar bayyana bayanan mai biyan haraji sai a wuraren da doka ta ƙayyade. A fom ɗin ma ba a rubuta dalilin biyan kuɗin. Tun da tukuici ne ba ladan sana'a ba, zai fito a fom 1099-MISC a gurbi na 3, inda ake sa sauran kuɗin shiga, adadi ne kawai. Waɗanda kake jiye wa tsoro a unguwa ba su da hanyar ganin wannan, sai fa idan daga cikin ofishinku maganar ta fita.

Amma batu na biyu da ka kawo ba zan raina shi ba. A watan Afrilu na 2025 IRS ta ƙulla yarjejeniyar musayar wasu bayanai da hukumar shige da fice, abin da ya jawo ƙararraki a kotu, ya kuma girgiza amincewar da baƙi suka daɗe suna yi cewa bayanan harajinsu a killace suke. Saboda haka idan yaron yana cikin wannan halin, kada kowa ya matsa masa ya cika wata takarda kafin ya zauna da lauyan shige da fice, kuma ya dace ƙungiya ta ɗauki nauyin wannan zaman. Wanda ba shi da lambar Social Security, wadda da ita ake shaida mai biyan haraji a nan, yana iya neman lambar haraji ta musamman mai suna ITIN ta fom W-7, amma wannan shawara ce da shi zai yanke bayan ya san abin da ke gabansa.

Maman 'Yan Biyu:
To idan ya ƙi ba da lambar fa, Yaya? Ai ba za a ɗaure shi a karɓa ba.

Hajiya Maman Usman:
Ba za a tilasta masa ba, nauyin sai ya dawo kan ƙungiya. Ƙa'ida ita ce idan wanda za a biya bai ba da lambar haraji ba, mai biya ya riƙe kashi 24 cikin 100 na kuɗin ya aika wa IRS, ya kuma sanar da shi a fom 945. A kan dala 1,500 wannan ya kama dala 360. Tun da an riga an ba shi kuɗin cikakke, hukuma tana iya bin ƙungiyar wannan adadin daga aljihunta. Ban da haka akwai tarar rashin miƙa fom a kan lokaci, wadda take farawa daga dala 60 a kan kowace takarda ta haura dala 300 idan an daɗe, kuma tana ninkuwa idan aka gano da gangan aka ƙi. Abin da nake ba da shawara shi ne a nemi lambar a rubuce, a ajiye shaidar an nema, domin wannan shaidar ce ake kafa hujja da ita idan za a roƙi a yafe tara. Kuɗin duka ba mai yawa ba ne idan aka kwatanta da abin da ƙungiya za ta rasa idan aka same ta da littafin da aka canza.

Alhaji Dattijo:
Na fahimta, 'yata, kuma na gode da kika yi bayanin a fili. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta da a ce an yi alkawari sannan a koma ana neman lamba ba. Amma na yarda kada a rubuta abin da ba shi ne ya faru ba. Abin da zan nema shi ne shugaban da ya ba shi alkawarin ya je da kansa ya same shi, ya gaya masa yadda doka take, ya ba shi haƙuri, kuma idan akwai harajin da zai faɗo kansa a kan kuɗin, masu hali a cikinmu su taimaka masa daga aljihunsu. Kada a aika masa takarda ta gidan waya wani ya buɗe.

Malam Baban Sadik:
Wannan shawara ce mai kyau, ranka ya daɗe, kuma doka ta yarda a miƙa wa mutum kwafinsa hannu da hannu. Ina son in ƙara wani bambanci domin gaba, saboda na ji wasu ƙungiyoyi suna tunanin ɗaukar wanda zai riƙa sa musu ido a unguwa suna biyan sa duk wata. Wannan ya fita daga babin tukuici gaba ɗaya. Wanda ake biya a kai a kai don ya tattaro labari yana yin aiki ne, ko dai a matsayin ɗan kwangila mai 1099-NEC, ko ma ma'aikaci mai fom W-2 na albashi idan ku ne kuke tsara masa lokaci da yadda zai yi aikin. Kiran sa mai kawo labari ba zai shigar da shi togaciyar ba, musamman idan labaran ba na aikata laifi ba ne ko ba ga 'yan sanda suke zuwa ba. Haka nan biyan sa ta sunan wani, ko ta wani kamfanin da aka ƙirƙira don ɓoye shi, yana iya mayar da ƙaramar matsalar takarda ta zama tuhumar zamba. Idan al'umma tana son sa tukuici nan gaba, hanya mafi aminci ita ce a tuntuɓi reshen Crime Stoppers na yankin ko ofishin 'yan sanda tun kafin a sanar, a tambaye su yadda za a bi ta hannunsu. Ta haka mai labari zai samu sirrin da doka ta amince da shi, ba wanda dattawa suka yi alkawari alhali ba ya hannunsu ba.

Baban Hauwa:
Salamu alaikum. Daga Kano nake bin wannan tattaunawar, kuma na ga an bar maganar mai haƙa rijiya a baya. Shi ma za a aika masa wannan 1099 ɗin ne har nan?

Hajiya Maman Usman:
A'a Malam. A dokar Amurka, ladan aiki yana bin wurin da aka yi aikin ne. Wanda ba ɗan Amurka ba ne, ba mazauninta ba ne, kuma ya yi aikinsa gaba ɗaya a Najeriya, ba a cika masa 1099 kuma ba a cire masa komai. Abin da ake so shi ne ƙungiya ta karɓi fom W-8BEN daga wajensa, ko W-8BEN-E idan kamfani ne, ta ajiye tare da yarjejeniyar kwangila da rasit da hotunan aikin. Idan ƙungiyar tana miƙa cikakken fom 990 kuma abin da ta kashe a ayyukan ƙasashen waje ya wuce dala 10,000, akwai ƙarin shafi mai suna Schedule F da za ta cika.

Baban Hauwa:
Madalla. To sai in ƙara daga ɓangarenmu, domin ina cikin amintattun wata ƙungiya a nan. Idan kuɗin ya bi ta hannun wata ƙungiyar gida mai rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, ita ce kuma ta ba da kwangilar, to hukuncin kusan iri ɗaya ne da abin da Hajiya ta faɗa tun farko. An yafe mata haraji a kan gudummawar da ta samu, amma wajibi ne ta cire harajin da doka ta ƙayyade daga kuɗin ɗan kwangila kafin ta biya shi. Idan kamfani ne ta aika wa hukumar haraji ta tarayya, wadda a da ake kira FIRS kuma daga farkon 2026 ta koma NRS, idan mutum ɗaya ne ta aika wa hukumar tara haraji ta jiha. Ƙungiyoyi da yawa a nan ba sa sanin haka sai ranar da suka je neman takardar shaidar biyan haraji.

Baban Khadija:
Kai tsaye muka biya shi ta banki, Malam, amma za mu kiyaye wannan domin aikin gaba. Saura malamin tafsiri, Hajiya. Ina fatan shi ma tun da baƙo ne hukuncinsa ɗaya da na mai rijiya.

Hajiya Maman Usman:
Ina ma haka ne, Malam Ma'aji, amma nasa ya fi na kowa tsauri, kuma shi ne wanda ƙungiyoyinmu da masallatanmu suka fi tuntuɓe a kansa. Ƙa'idar da ta sauke muku nauyi a kan mai rijiya ita ce ta ɗora muku shi a nan, domin malamin a cikin Amurka ya yi tafsirin, don haka kuɗin ya zama na Amurka. Baƙon da ba mazauni ba idan aka biya shi ladan aikin da ya yi a nan, ana riƙe kashi 30 cikin 100, a aika wa IRS, a cika fom 1042-S da fom 1042 kafin tsakiyar watan Maris. Babu mafi ƙarancin adadi kamar na dala 600. Yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashe ce take iya rage wannan kason, kuma Amurka ba ta da irin ta da Najeriya ko Nijar ko Gana. A kan dala 2,000 abin da ya kamata a riƙe shi ne dala 600, kuma tun da ba a riƙe ba, ƙungiya ce za a bi. Na san za a ce kyautar girmamawa ce ba lada ba, kuma a al'adarmu haka muke ɗaukar ta, amma hukuma tana duba cewa an gayyato mutum ya yi aiki na wata guda sannan aka ba shi kuɗi daga asusun ƙungiya. Masallaci ma, duk da an ɗauke masa miƙa fom 990 kamar sauran wuraren ibada, ba a ɗauke masa wannan ba.

Malam Baban Sadik:
Kuma a lura cewa irin bizar da malami ya shigo da ita tana da hukunci a kan ko ya halatta a biya shi tun asali. Wannan a tambayi lauya kafin a aika takardar gayyata ta azumin bana, tun da watan ya kusa.

Baban Khadija:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Gobe da safe zan kira kafinta ya cika W-9, in kuma aika wa mai rijiya nasa fom ɗin. Zan kai wa shugaba shawarar Baba Alhaji a kan zuwa wajen yaron da kansa, in kuma nemi kwamiti ya amince da kuɗin ganin lauya, da kuma ware abin da za a biya a kan tukuicin da kuɗin malam idan ya tabbata ana bin mu. Hajiya, idan kina da lokaci a ƙarshen mako, ina roƙon ki duba mini wasiƙar da IRS ta ba mu kafin in shiga taron.

Hajiya Maman Usman:
Ka turo mini ita ta saƙon sirri tare da fom 990 na shekara uku da suka wuce, amma kada ka sa sunan yaron a cikin abin da za ka turo. Zan duba ranar Asabar in sha Allah.